Yadda ake kwantar da mara lafiya a doguwar fiɗa ba tare da an kashe masa lafiyayyar ƙafa ba

Na daɗe ina aikin sa barci a bulok, wato ɗakin fiɗa, kuma a nan Tawa na yi mafi yawan shekarun. Duk sabon ma'aikacin da aka turo mana daga makarantar lafiya ta Yamai ko ta Damagaram yakan zo da ilimin allurai a kai: ya san ketamin, ya iya huda baya a yi rashi (allurar da ke kashe ƙasan jiki), ya iya lissafin sarom. Abin da ban cika ganin an zo da shi ba shi ne kula da gaɓar da ba a yi wa aiki. Da zarar an rufa koren zane, hankalin kowa ya koma inda wuƙa take, ƙafar da aka ɗaga sama kuwa ta zama marainiya har a tashi.

Na ga abin da hakan ke haifarwa a wani asibiti da na taɓa aiki. Saurayi ne manomi, babur ya kayar da shi ya karye a cinyar dama. Aka ɗora shi bisa teburin jan ƙashi, aka ɗaga ta hagu, lafiyayyar, aka kwantar da sharaɓarta cikin kwalfar ƙarfe don na'urar hoto ta samu hanya. Aikin da aka yi wa lissafin awa 2 ya kusa cin awa 6: wuta ta ɗauke, na'ura ta ƙi tashi, ƙarfen da za a sa a ƙashin ma ya ƙi shiga. Cikin dare yaron ya yi ta cewa ƙafar hagu ce ke cinsa. Aka ce maganin barci ne bai sake shi ba, ai ƙafar dama aka yi wa aiki. Aka taɓa bayan ƙafar aka ji jijiya na bugawa, aka ƙara masa taramadol. Da gari ya waye fitsarin da ke cikin leda ya koma kalar shayin da ya daɗe bisa gawayi, tafin ƙafar kuma ya faɗi, ba ya ɗaguwa. An tsaga ƙafar, an ceto ransa da ƙodarsa, amma har ya bar asibitin yana jan ta a ƙasa. Ina cikin waɗanda suka ɗaga ƙafar nan, kuma ban duba agogo ba. Tun daga ranar nake bin matakan da zan zayyana maka.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashin zane

In ka taɓa tsayawa wurin masu kilishi, ka ga yadda suke ɓare wani farin tantani mai tauri daga jikin tsoka kafin su fere ta. Jikin mutum ma yana da shi, kuma ba ya miƙewa. Tsakanin gwiwa da idon sawu ya raba tsoka ɗaki 4: na gaba kusa da ƙwauri, na gefe ta waje, sai biyu a baya, ɗaya daf da fata ɗaya can ciki. Kowane ɗaki da tsokarsa, da hanyoyin jininsa, da jijiyar ji da motsi.

Idan ƙafa ta daɗe sama da zuciya, jinin da ke isa gare ta yakan ragu. Kowane santimita 10 na tsawo yana rage ƙarfin turin jini da kusan 8 a na'urar tansiyo. Ƙafar da aka ɗaga santimita 40 ta yi asarar wajen 30 ke nan. Mu nan mukan ce tansiyo 12/8, wato 120 da 80. To mara lafiyar da rashi ta saukar da shi zuwa 9/5 a hannu, lissafa abin da ya rage wa sharaɓarsa. Tsokar da ta ji yunwar jini takan lalace a hankali, ƙananan hanyoyin jini su fara yoyo. Babbar ɓarnar kuma tana zuwa ne bayan an sauke ƙafar: jini ya dawo da ƙarfi, ruwa ya tsiyaye cikin ɗakin, tsoka ta kumbura, tantani ya ƙi ba ta wuri. Matsin da a lafiyayyen ɗaki bai kai 10 ba sai ya haura 30, ya shaƙe ƙananan hanyoyin jini, kumburi ya ƙara haifar da kumburi. Likitocinmu na kiransa sindrom de loj. Ni nakan ce wa ɗalibai matsewar ɗakin tsoka. Bayan awa 6 ko kusa da haka, tsokar da ta mutu ba ta dawowa. Wani likitan Jamus, Richard von Volkmann, ya bayyana shanyewar da ke biyo baya tun 1881.

Kayan da za ka tanada

Likkafa, wato ƙarfen da ake ɗora ƙafa a kai a ɗaga ta, guda biyu iri ɗaya, da maƙallansu masu kamawa sosai. Iri uku ne za ka tarar: mai kamar takalmi wadda ke ɗauke ƙafa daga diddige zuwa sharaɓa, mai kwalfa wadda ke shiga bayan gwiwa, da sanda mai lanƙwasa da madaurin idon sawu. Mai takalmi ta fi, in akwai.

Abin shimfiɗa mai laushi. Inda ake da matashin jel, madalla. Inda babu, soson katifa mai kaurin yatsa uku da aka yanka aka sa a leda mai gogewa yana aiki. In shi ma babu, auduga mai kauri cikin kwamfares, ƙyallen rufe ciwo, ko zane mai laushi da aka ninka ba tare da ƙudurin ɗinki ya taɓa fata ba.

Agogo mai ƙararrawa. Na waya ya isa. Da allo ko farar takarda a bango inda kowa zai gani, da alƙalami mai kauri.

Mitar tela. Ka riƙe naka a aljihu, kuɗinsa bai kai na shayin safe ba.

Na'urar tansiyo, da maƙalin yatsa mai auna oksijin, da bargo ko zannuwan rufa, da sarom da aka ɗan ɗumama, da sond na fitsari da ledarsa mai ma'auni.

Sai mutum na biyu. Ba a ɗaga ƙafafun wanda aka sa wa barci da mutum ɗaya.

1. Duba ƙafafun tun yana farke

Ka je wurinsa tun jajibiri ko da sassafe. Gaisa tukuna, sannan ka nemi izini: "Baba, zan duba ƙafafunka, ka yi haƙuri." In mace ce, a samu ungozoma ko ƴar'uwarta a tsaye. Ka sa ya ɗaga tafin ƙafa sama, ya danna ƙasa, ya motsa babban yatsa. Ka shafa tsakanin babban yatsa da mai bi masa ka tambaya ko yana ji daidai a ƙafafun biyu. Ka laluba bugun jijiya a bayan ƙafa da bayan idon sawu na ciki. Ka auna kaurin sharaɓa a inda ta fi kauri, ka sa ɗigon alƙalami a wurin, ka rubuta.

Wannan rubutun yana da muhimmanci ƙwarai ga matan yoyon fitsari. Da yawansu doguwar naƙuda ta riga ta taɓa musu jijiya, suna zuwa da tafin ƙafa a faɗe. In ba ka rubuta tun farko ba, bayan aiki ba wanda zai iya rabe tsohon lahani da sabo.

Waɗanda za ka ƙara sa wa ido: mai ƙiba, mai ciwon suga, mai hawan jini da ya daɗe, mai shan taba, wanda ƙafarsa ke da sanyi ko bugunta ya yi rauni. Kada kuma ƙarfin jiki ya yaudare ka. Ɗan kokawa ko manomin Adar mai murɗaɗɗiyar sharaɓa, ɗakin tsokarsa cike yake tun asali, ba shi da sararin kumburi, nauyin ƙafarsa kuma ya fi danna kwalfa.

A watannin bazara ka tambayi yaushe rabonsa da ruwa. Mutumin da aka hana ci da sha tun tsakar dare, yana kwance a baranda cikin zafin Afirilu har ƙarfe 11, a bushe zai shigo maka. A sa masa sarom tun kafin a kira shi.

2. Yi magana da likita kafin ya wanke hannu

Tun ran gini ran zane. Da an fara aiki, ba ka da bakin cewa a dakata sai in an riga an yi alkawari. Tambayoyina uku ne: awa nawa kake tsammani, Dokta? Lalle ne ƙafafu su kasance sama tun daga farko? Ƙarfe nawa za mu sauke su?

Tambaya ta biyu ita ce ta fi ceton ƙafa. A aikin hanji na ƙasa, ko cire mahaifa da za a fara ta ciki a ƙarasa ta ƙasa, sau da yawa awannin farko duk a ciki ake yin su. To me ya sa ƙafafu za su rataye tun ƙarfe 9 don aikin da za a yi ƙarfe 1? A bar su a shimfiɗe, ko a ƙasa-ƙasa, sai lokacin ya zo. A teburin jan ƙashi ma akwai mafita: a miƙe lafiyayyar ƙafa a saukar da ita ƙasa kaɗan, mai karayar tana sama, kamar buɗaɗɗen almakashi. Na'urar hoto tana samun hanya, ƙafar kuma ba ta haura zuciya ba.

Ƙa'idar da likitocin Birtaniya suka fitar a 2019 ta ce kada ƙafa ta wuce awa 4 a sama ba hutu, kuma in an sauke a bar ta aƙalla minti 15. Ni nakan ɗauki awa 4 a matsayin bakin rijiya. Ga marasa lafiyarmu, da yawa jininsu ya yi ƙasa, ga rashin ruwa, ina fara neman a sauke tun awa 2.

3. Daidaita likkafa kafin a ɗora ƙafa

Ka kafa su tsawo ɗaya, buɗi ɗaya, ka ɗaure maƙallai ka gwada su da nauyin hannunka. Likkafar da ta zame tsakiyar aiki takan sa a yi gyara cikin gaggawa a ƙarƙashin zane, ba a gani, kuma a nan ake matse abin da bai kamata ba. Ka shimfiɗa soso duk inda fata za ta haɗu da ƙarfe.

In mai kwalfa kaɗai gare ku, ka sani nauyin ƙafa duka zai taru a bayan gwiwa da saman sharaɓa, daidai inda manyan hanyoyin jini suke wucewa. Ka ninka shimfiɗa, ka juya kwalfar ta bi kwanciyar ƙafar, bakin ƙarfen kada ya nutse cikin tsoka. In mai sanda ce, sharaɓa tana samun sakewa, amma takan ɗaga ƙafa da yawa, madaurin yakan ci idon sawu, kuma ƙafa takan jingina da sandar. Ka rage tsawon sandar iyakar yadda aiki zai yiwu, ka naɗe madaurin da auduga.

4. Ɗaga ƙafafun

Ku biyu, kowa da ƙafa ɗaya, hannu ɗaya a diddige ɗaya a ƙarƙashin gwiwa. Ku lanƙwasa gwiwa da ƙugu lokaci guda, ku ɗaga a hankali, ku ajiye tare. Sannan ka tsaya a ƙarshen tebur ka duba waɗannan da idonka da hannunka.

Tsawo. Ka sa mitar tela daga tsakiyar ƙirji ta gefe zuwa tsawon idon sawu. Ido ba mudu ba ne, ko da ya san kima. Auna ka rubuta. Abin da ake so shi ne sharaɓa ta tsaya daidai da zuciya ko ƙasa da ita. Duk abin da ya haura haka, likita ya faɗi dalilinsa.

Ƙugu da gwiwa. Kada cinya ta nannaɗo kan ciki fiye da kusurwar 90, kada gwiwa ta lanƙwashe sosai. Hanyar jini kamar tiyon ban-ruwa ce, in ka karya ta a wuri biyu abin da zai fita kaɗan ne.

Tafin ƙafa. A bar shi yadda yake zama da kansa. Kuskuren da na fi gani shi ne a ɗaure shi a tanƙware sama wajen ƙwauri, wai don ya zauna daram. Wannan tanƙwarar tana ƙara matsi cikin sharaɓa.

Gefen gwiwa ta waje. Akwai wani ɗan ƙashi mai tudu a nan, jijiyar da ke ɗaga tafin ƙafa tana zagaye shi daf da fata. Ka zura yatsu biyu tsakaninsa da ƙarfe. In ba su shiga ba, gyara.

Madauri. Yatsu biyu su shige ƙarƙashinsa ba da ƙoƙari ba. In ana naɗe ƙafa da bandi don gudun daskarewar jini, kada a ja shi, kuma a gaya wa likita an naɗe. Kada ka ɗaura abin awon tansiyo a sharaɓar da ke sama, ko da hannuwan biyu sun cika da sarom.

Da ka gama, ka rubuta a allo da manyan baƙaƙe: ƙafafu sama, ƙarfe kaza. Ka saita ƙararrawa.

5. Karkatar da tebur

Ɗaga ƙafa kaɗai abu ne da jiki kan jure na wani lokaci. Ɗaga ƙafa haɗe da sunkuyar da kan tebur ƙasa shi ne ya fi kawo ɓarna, don tsawon ya ninku. A aikin yoyon fitsari da na kamara a ƙashin ƙugu ana bukatar wannan karkatar, ban musa ba. Amma ana bukatarta ne a wani sashe na aikin. Ka karkata iyakar abin da likita zai ga wurinsa, in ya wuce wannan gaɓar ka tambaya: "Dokta, in miƙe tebur?" Sau da yawa za ka ji ya ce miƙe, ya manta ne kawai. Bayan kowace karkata ka leƙa ƙarƙashin zane, don jiki yakan zame, ƙafa ta sauya zama cikin likkafa.

6. Tsare tansiyo, ruwa da ɗumi

Kada ka yarda matsakaicin tansiyo, wato lambar da na'ura ke bayarwa tsakanin ta sama da ta ƙasa, ya zauna ƙasa da 65, kuma ka tuna wannan awon hannu ne, ƙafa tana samun ƙasa da haka. In jini na zuba, a mayar da ruwa da jini da wuri. Efedirin da noradarenalin suna gyara lambar da ke kan na'ura, amma suna yin haka ne ta hanyar matse hanyoyin jini, har da na ƙafar da ke rataye. Suna da wurinsu. Kada dai su zama madadin sarom ga mutumin da ya bushe.

Sanyi ma yana matse hanyoyin jini. Baƙo zai yi mamakin a ce mutum ya yi sanyi a Tawa, amma bulok mai na'urar sanyaya ɗaki, ciki a buɗe, sarom mai sanyi, awa 4, za ka taɓa kafaɗarsa ka ji kamar randa. Rufe ƙirji da hannuwa da kai.

Akwai kuma abin da sai mai tsayuwa a wajen kai ke gani: mataimakin da ya gaji ya jingina gwiwar hannunsa bisa ƙafar mara lafiya, ko an ɗora tiren kayan aiki a kan ƙwauri. Ka faɗa da ladabi, amma ka faɗa nan take.

7. In ƙararrawa ta kaɗa

Nan ne ake gane ko an yi mataki na 2. Ka ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Dokta, ƙafafu sun cika awa 2 a sama." In yana tsakiyar tsayar da jini, ka ba shi minti kaɗan ka sake faɗa. Kada kunyar ƙarami ta hana ka maimaitawa; ba raini ba ne, shi ma in abin ya faru shi zai kwana yana tsaga ƙafar.

A miƙe tebur tukuna. A rufe wurin aiki da kwamfares mai jiƙe da zane mai tsabta. Mai zagaye, ma'aikacin da bai wanke hannu don fiɗa ba, ya shiga ƙarƙashin zane ya saukar da likkafa biyu tare har ƙafafu su zo daidai da zuciya ko ƙasa kaɗan. In likkafar ba ta sauka, a fitar da ƙafafun a ɗora bisa ƙarshen tebur ko wani ƙaramin tebur mai shimfiɗa. Ka sa ido a tansiyo, don jini zai gangara ƙafafu, musamman mai rashi. A cikin minti 15 ɗin nan a matsa sharaɓa da gaban ƙwauri a ji laushinsu, a duba shatar madauri, a gyara soso. Ka rubuta lokacin sauka da na komawa.

In an ce sam ba za a iya saukewa ba, ka nemi rabin abin: a miƙe tebur, a rage tsawon likkafa, a sassauta madauri. Ka rubuta cewa ka nema, da lokacin.

Ranar da wuta ta ɗauke ana jiran gurup, injin bayar da wuta, ko ana jiran jini daga banki, ko an tafi neman wani ƙarfe, ka sauke ƙafafun. Wannan lokaci kyauta ne, kuma shi ne wanda muka yi asara a kan saurayin nan.

8. Sauran kwanciya

Ba ƙafa kaɗai ba ce. Mai ƙiba da ya daɗe rigingine bisa tebur mai tauri, ɗuwawunsa na iya yin haka. A kwanciyar gefe, kafaɗa da ɗuwawun da ke ƙasa ne. Ka sa naɗaɗɗen zane a ƙarƙashin haƙarƙari, ƙasa da hammata kaɗan, da matashi tsakanin gwiwoyi. A rub da ciki, cinya da gaban ƙwauri. Hannun da aka cusa a gefen jiki aka rufe kuwa, in allurar sarom ta fita daga jijiya, ruwa zai yi ta taruwa cikin dantse ba wanda ya gani, balle in ana matsa ledar. Duk sarom ɗin da ya rage gudu ba dalili, buɗe hannun ka duba. Garo kuma, madaurin da ke tsayar da jini a gaɓa, yana da nasa agogon, kada ya wuce awa 2.

9. Saukewar ƙarshe

Tare, a hankali, kamar yadda aka ɗaga. Kafin a tura shi waje ka yaye zane ka dubi ƙafafun biyu da haske. Ka matsa kowane ɗaki, ka sake awo a kan ɗigon nan, ka dubi kalar fitsari. Lafiyayyar tsoka takan nutsa ƙarƙashin yatsa. Wadda ta fara matsewa takan yi tauri kamar icce, fatar na sheƙi. Amma ko ka tarar da komai lafiya, ba ka tsira ba tukuna, don kumburin yakan zo bayan awanni.

10. Miƙa shi ga masu gadi, ma'aikatan da za su kwana a bakin aiki

Ka rubuta a takardarsa, ka kuma faɗa da baki: ƙafafu sun yi awa kaza a sama, a duba su kowace awa a farkon dare, sannan a ci gaba da dubawa har kwana ɗaya ya cika. Ka nuna wa mai gadi yadda ake yi, minti ɗaya ne.

Alama ta farko ciwo ne wanda ya fi ƙarfin abin da ake tsammani, a wurin da ba a yanka ba, kuma allura ba ta kwantar da shi. Ta biyu, ka kama babban yatsa da tafin ƙafa ka tanƙwara ƙasa, sannan sama, shi bai sa ƙarfi ba. In ɗakin ya matse zai zabura. Ta uku, sagewa ko jin kamar tururuwa na bi tsakanin babban yatsa da na kusa da shi. Faɗuwar tafin ƙafa, da fari fat, da ɗaukewar bugu, waɗannan na ƙarshe ne, in ka jira su ka makara.

Zan nanata wannan don shi ya ci mu: bugun jijiya yana nan daram alhali tsoka na mutuwa. Matsin da ke shaƙe ƙananan hanyoyi bai isa ya tsayar da babbar jijiya ba. Maƙalin oksijin a yatsan ƙafa ma zai iya nuna 98. Kada ɗayansu ya kwantar maka da hankali.

Rashi takan ɓoye ciwon. Wadda aka yi da bufibakayin takan saki cikin awa 2 zuwa 3, ko ta ɗan ɗara. In ƙafa ɗaya ta farfaɗo ɗayar ta ƙi, ko ji ya dawo sannan ya sake ɗaukewa, kada a ce maganin ne.

Mutanenmu kuma suna da dauriya. Dattijo zai cije ya ce da sauƙi, Bafillatana za ta juya fuska bango ba za ta yi ko tari ba. Ka dubi goshi da zufa da bugun zuciya. In ba ya jin Hausa, a nemo mai jin Buzanci ko Fillanci tun da rana, kada a bari sai tsakar dare. Ka ja mai jinya gefe ka ce: "Inna, in ya ce ƙafa na ciwo, ko kin ga ta kumbura, ko fitsari ya yi baƙi, ki taso mu ko ƙarfe nawa ne. Kada a matsa, kada a gasa, kada a shafa man zafi, kada a ɗaure." Masu jinya ba sa barci, sun fi mu ganin abin da ke faruwa.

11. In ka yi zargi

Kira likitan fiɗa nan take, ka faɗi sunan abin da kake zargi, kada ka tsaya a "yana kukan ƙafa". Kafin ya iso, kwance duk bandi da safa har fata. Ajiye ƙafar daidai da zuciya. Kada a ɗora ta bisa matasai. Ɗagawar da ke taimakon kumburin yau da kullum a nan ƙara yunwar jini take yi. Sa oksijin, gyara tansiyo, buɗe sarom sosai, sa sond in babu, a riƙa auna fitsari kowace awa. Hana shi ci da sha, don bulok zai koma. A guji diklofenak da danginsa saboda ƙoda.

A ɗebi jini a auna CPK, mai nuna lalacewar tsoka, da fotasiyom, da aikin ƙoda. Inda ba a yin CPK, ƴar takardar gwajin fitsari tana taimakawa: in ta nuna jini alhali a madubin labo ba a ga ƙwayoyin jini ba, narkakkiyar tsoka ce ke fita. Sai dai bayan aikin mafitsara ko na yoyon fitsari wannan dabarar ba ta aiki, don jini na gaske yana cikin fitsarin.

Kuskuren da ke cin lokaci shi ne a ce daskarewar jini ce a jijiya, a rubuta hoton eko, a jira safiya. Ga mara lafiyar da ke farke, mai ciwo da tauri da zabura, hannu da ido sun isa yanke hukunci. Awon matsi da allura na wanda ba ya iya magana ne, kamar wanda ke reya, ɗakin masu tsananin ciwo, bisa na'urar numfashi: in tazarar da ke tsakanin lambar tansiyo ta ƙasa da matsin ɗakin ba ta kai 30 ba, a tsaga.

Maganin ɗaya ne, a buɗe tantanin. Tsaga biyu dogaye, ɗaya ta waje ɗaya ta ciki, a saki ɗakunan 4 duka, a bar su buɗe, a koma a duba bayan kwana 2 ko 3. Ƙa'idar nan ta 2019 ta ce cikin awa 1 da ganewa. Kai mai sa barci, ka nemi sakamakon fotasiyom in zai samu ba tare da jinkiri ba, kuma ka guji suksametoniyom, don zai iya ƙara fotasiyom ya tsayar da zuciya.

In kana ƙaramin asibiti kana tunanin turawa, ka lissafa hanya. Daga Tawa zuwa Yamai ya haura kilomita 500, awannin da tsoka take da su za su ƙare a cikin mota. A tsaga a inda likitan fiɗa mafi kusa yake. Turawa Yamai sai daga baya, in fitsari ya ƙi zuwa ana neman wankin ƙoda, kuma a haɗa shi da takardar da ke ɗauke da lokacin da aka ɗaga ƙafa, da lokacin da aka sauke, da lokacin da ciwo ya fara, da adadin fitsarin kowace awa.